Kafa Nod na Bulokcen a Badarawa: Abin da Yake Ci da Abin da Yake Bayarwa

(Kiɗan buɗe fili)

 Daga mutanen Badarawa da Kwaru, da maƙwabtansu na Malali, Unguwar Dosa, Unguwar Sarki har zuwa Kawo ne saƙonni suka fi shigo mana a kan batun da za mu tattauna yau.

Tambayar kusan ɗaya ce. Wani matashi ya ce, "Malam, an ce in mutum ya kafa nod na bulokcen a ɗakinsa, kuɗi za su riƙa shigo masa ko yana barci. Haka ne?" Wata baiwar Allah kuma ta ce ƙanenta ya matsa mata ta sayar da 'yan kunnenta na gwal a saya masa nod a ƙasar waje, wai kullum za a riƙa turo riba. To Hajiya, ki riƙe 'yan kunnenki tukuna, kunnen kawai nake so ki ara mini.

Ga amsa tun da wuri, kada wutar wani ta ɗauke bai ji ba: nod na Bitcoin ba ya biyan mai shi ko sisin kwabo. Kai za ka kashe masa wuta, kai za ka saya masa data. Duk da haka akwai dubban mutane a duniya da suke kunna shi dare da rana da kuɗin aljihunsu, kuma ba mahaukata ba ne. Dalilinsu shi ne darasinmu.

Bulokcen kundin lissafi ne: wane ya tura wa wane kaza, a lokaci kaza. A tsarin Bitcoin, kusan duk minti 10 ana ƙara shafi guda a kundin, shi ake kira bulok. Kowane shafi yana ɗauke da wata doguwar lamba da aka tatso daga abin da ke cikin shafin da ya gabace shi. Ka canza ko ɗigo ɗaya a tsohon shafi, lambarsa ta canza, duk shafukan da suka biyo baya sai su ƙi haɗuwa da shi. Wanda ya tsara wannan, mai ɓoyayyen sunan nan Satoshi Nakamoto, ya fitar da bayaninsa mai shafi 9 ranar 31 ga Oktoba 2008, ya buɗe shafin farko ranar 3 ga Janairu 2009. A tsakiyar 2025 kundin ya haura bulok 900,000.

To a ina kundin yake ajiye? Babu hedikwata, babu babban ofishi. Yana cikin kwamfutocin mutane ne, kowace da nata kwafin. Kwamfutar da take karɓar kowane sabon bulok, ta duba shi da kanta, ta amince ko ta ƙi, sannan ta miƙa wa 'yan uwanta, ita ce nod. Abin da take dubawa ba shi da yawa, amma ba ta yin sassauci: shin mai tura kuɗin nan yana da su? Sa hannunsa na sirri ya yi daidai? Bai riga ya kashe su a wani wuri ba? Wanda ya rubuta bulok ɗin bai ba kansa lada fiye da ƙa'ida ba?

Uwargidan da ta san kan kasuwa, in za ta je Kawo ranar Talata awon masara, takan tafi da mudunta. Mudun nan ba ya ƙara mata ko ƙwaya ɗaya, amma ba mai tauye mata awo tana kallo. Walet ɗin da ke cikin wayarka da mudun wani yake awo. Kwamfutar wani kamfani yake tambaya, "kuɗina sun shigo?" ta ce sun shigo, shi ke nan ka yarda. A wajen tambayar ma ka faɗa wa kamfanin duk adireshinka da abin da ke cikinsu. Mai nod nasa ba ya tambayar kowa.

A nan ne mutanenmu suke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Masu mainin daban, masu nod daban. Masu mainin su ne masu manyan injuna da ke shan wuta kamar masana'anta, suna tseren samun damar rubuta bulok na gaba. Su ake biya. Tun Afrilun 2024 ladan kowane bulok ya koma Bitcoin 3.125, kuma duk bayan bulok 210,000, wato kimanin shekara huɗu, ana raba ladan biyu, har a tsaya a Bitcoin miliyan 21. Mai nod ba ya cikin tseren. Shi dai duk abin da masu mainin suka rubuta sai ya bi ta gabansa.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin matsayi ne. Ranar 15 ga Agusta 2010 wani ya gano kuskure a manhajar Bitcoin, ya ƙirƙiri sama da Bitcoin biliyan 184 a bulok guda. Da yake kundin a buɗe yake, nan da nan aka gani. Cikin 'yan sa'o'i aka fitar da gyara, masu kwamfutoci suka sabunta manhajarsu, aka bar wancan shafi a baya kamar ba a taɓa rubuta shi ba. A 2017 kuma manyan kamfanoni da akasarin masu mainin suka haɗa kai a birnin New York za su ƙara girman bulok. Masu nod da yawa suka ƙi sauke manhajar da za ta amince da hakan, domin in bulok ya yi girma, talaka ba zai iya riƙe kundin a kwamfutarsa ba. Zuwa Nuwamban shekarar aka janye shirin. Masu kuɗi da injuna suka sha kaye a hannun masu ƙananan kwamfutoci a ɗakunan kwana.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu mu dawo gida, mu ga yadda abin zai kasance a ɗakin saurayi a Badarawa.

Kayan aiki ba su da tsada yadda ake zato. Tsohuwar laftof mai ƙwaƙwalwar giga 4 zuwa 8 ta isa. Wasu sun fi son 'yar ƙaramar kwamfutar nan da ba ta wuce tafin hannu ba, Raspberry Pi, su ɗora mata manhaja irin su Umbrel. Ni a nan Kaduna laftof nake ba da shawara, saboda dalili ɗaya: tana da batir a jikinta. Nod kullum yana cikin rubutu a ma'ajinsa. In wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, lissafin na iya dagulewa, sai ya sake bin kundin daga farko, aikin kwanaki. Batirin laftof, ko da na minti 30 ne, ya isa ka rufe manhajar cikin natsuwa. Don haka in za ka sayi ta hannu, duba lafiyar batir kafin ka duba kyawun jiki.

Ma'aji shi ne inda kuɗi suke tafiya. Kundin Bitcoin gaba ɗaya ya wuce giga 600, yana kuma ƙaruwa kullum. Mai son riƙe shi duka sai ya nemi ma'aji irin SSD mai tera 2, domin tsohon faifai mai juyawa zai sa ka tsufa kana jira. Amma akwai sauƙi. Manhajar Bitcoin Core tana da tsarin datsewa: ta sauke bulok, ta duba shi, ta riƙe sakamakon lissafi, ta goge tsohon. Da wannan tsari giga 20 ma sun wadatar, kuma nod ɗinka cikakke ne wajen tantancewa, bai gaza na kowa ba. Abin da kawai ba zai iya ba shi ne bai wa sabon shiga tsofaffin shafuka.

Manhajar kyauta ce, a bitcoincore.org ake samunta. Kada ka karɓe ta a guruf ɗin WhatsApp ko Telegram, ko da amininka ne ya turo. Tare da ita ana wallafa wata lamba ta tantancewa da sa hannun masu haɗa ta. Ka ɗauki minti 10 ka gwada lambar da abin da ka sauke. Wanda ya tsallake wannan mataki, tun a ƙofa ya karya abin da ya zo yi, tunda ya yarda da abin da bai auna ba.

Da ka kunna ta, za ta tambaye ka inda za ta ajiye kundi da ko kana son datsewa. Daga nan sai ta nemi wasu nod kamar 10 a sassan duniya ta ƙulla da su, ta fara saukewa tun daga shafin 2009. Za ka ga wani layi a ƙasan allo yana gaya maka shekaru nawa suka rage ka cim ma yau. Shekarun farko gudu suke yi, domin shafukan kusan fanko ne, har ka fara murna. Da an shigo 2017 sai tafiya ta koma ta hawainiya, fankar laftof ta fara kuka, gindinta ya yi zafi. Ka ɗaga ta a kan wani abu iska ta ratsa, kada ka bar ta a kan katifa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. A riƙa kai ta wajen mai gyara yana busa fankar. Da kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai kyau, kwana ɗaya ko biyu an gama. Da tsohuwar laftof, mako ɗaya ma ba abin mamaki ba ne.

Ga inda gizo ke saƙar: ko ka zaɓi datsewa, giga 600 ɗin nan dole su bi ta wayarka sau ɗaya. Ku lissafa da kanku nawa ake sayar da giga a yau, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025. Wanda ya fara wannan aiki da datar wayarsa, kafin la'asar zai ga saƙon cewa ta ƙare. Mafita biyu ce. Ko dai ka kai laftof inda ake da intanet marar iyaka ka yi saukewar farko a can, ko kuma ka sami wanda ya riga yana da cikakken kundi, ku haɗa kwamfutocinku a rauta ɗaya, taka ta ja daga tasa ba tare da taɓa data ba. Babu haɗari a ciki, domin nod ɗinka ba zai yarda da shafukan don abokinka ne ya bayar ba, sai ya duba su. Mutum biyar a unguwa ɗaya, saukewa ɗaya ta ishe su.

Bayan wannan hawan farko, sauran hanya shimfiɗaɗɗiya ce. Bulok kusan 144 ake yi a rana, abin da bai kai giga 10 a wata ba in bulok kaɗai kake karɓa, kuma akwai saitin da ke sa nod ya tsaya a kan hakan. Akwai wani saitin da ke ƙayyade yawan abin da zai tura wa wasu. Mai sayen data da awo ya kunna duka biyun tun ranar farko. Za ka ji ana cewa sai ka buɗe ƙofa mai lamba 8333 a rautarka. Wannan don wasu su iya ƙwanƙwaso ka ne, kuma layukan waya galibi ba sa bari. Kada ya dame ka. Nod ɗinka yana aikinsa ko ba a buɗe ta ba.

Sai wuta. Laftof mai jan wat 20, in ta kwana ta wuni wata guda, yunit 14 da 'yan kai za ta ci. Ko a farashin yunit na rukunin A, wanda ya kai naira 225 a Afrilun 2024 kafin ya dawo wajen naira 210, kuɗin ba su wuce naira 3,000 da wani abu ba. Matsalarmu ba tsadar wutar ba ce, samunta ne. Kowa a nan ya tuna ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Mando ya riga ya lalace a hannun ɓata-gari, wanda ake lallaɓawa da shi ta Apir shi ma ya faɗi, Arewa ta kwashe sama da mako guda cikin duhu. Me zai sami nod a irin wannan hali? In an rufe shi cikin natsuwa, babu komai. A ce kwana 10 ya yi a kashe. Da wuta ta dawo zai tarar an yi bulok kimanin 1,440 ba ya nan, ya sauke su, ya duba, ya kamo sahu. Ba tara, ba hukunci. Mai ƙaramar sola da inbata ya huta. Marar ita ya nemi sitabilaiza kawai, saboda irin wutar da ke dawowa da ƙarfi ta ƙone caja.

(Ɗan kiɗa)

Wani zai ce, "To Malam, ai na ji akwai nod da ke biya." Akwai, kuma gara ku ji sharuɗɗansa. Tsarin Ethereum ya daina mainin ranar 15 ga Satumba 2022. Yanzu masu tabbatarwa ne ke rubuta shafi, duk daƙiƙa 12, ana kuma ba su lada. Amma kafin ka shiga sahunsu sai ka ajiye jinginar Ether 32, dukiyar da za ta sayi gida a cikin garin nan, ga ma'ajin tera 2 mai sauri, ga manhaja biyu da za su yi aiki tare. Duk lokacin da kwamfutarka ta mutu ana ɗan zaftare maka. In kuma ka yi wayo ka kunna makullinka a kwamfuta biyu saboda tsoron ɗaukewar wuta, suka sa hannu biyu masu saɓani, sai a yanki jinginarka a kore ka. Wannan ba sana'ar mai jiran Nepa ba ce.

Na san da yawa cikinku tambayarku a kan kirifton nan Pi take, tunda babu lungun da bai shiga ba a Arewa. Danna maɓalli a waya sau ɗaya a rana ba nod ba ne, haka ma dangwale-dangwalen Hamster Kombat da aka yi ta yi a 2024. Pi yana da manhajar nod ta kwamfuta, kuma ya buɗe hanyarsa ga kasuwannin waje ranar 20 ga Fabrairu 2025. Abin da nake so ku riƙa tambaya a kan kowane tsari shi ne: wa yake zaɓar wanda zai tabbatar da lissafi? In kowa zai iya shiga ba tare da neman izini ba, tsari ne iri ɗaya. In kamfani ne ke zaɓa, wani iri ne daban. Ku dubi eNaira da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar ranar 25 ga Oktoba 2021. Ita ma a kan fasahar kundi irin wannan aka gina ta, amma ba wanda zai kafa mata nod a Badarawa, domin makullin yana hannun Babban Bankin Nijeriya. Ba laifi ba ne, haka aka tsara ta, sai dai mutum ya san wane iri yake hulɗa da shi.

Shi kuwa wanda zai ce ka turo kuɗi a saya maka nod da ba za ka gani ba, ba za ka taɓa ba, a riƙa ba ka kashi kaza kullum, ƙari kuma in ka kawo mutum uku, wannan tsohon zance ne aka sake wa riga. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamban 2016. CBEX ta yi haka a Afrilun 2025, ita kuma da sunan kirifto da ƙirƙirarriyar basira ta zo. Akwai kuma masu turo saƙo cewa walet ɗinka ya samu matsala, ka shigar da kalmominka 12 ko 24 na sirri a "haɗa shi da nod". Babu wani mataki a kafa nod da ke buƙatar ka ba wani waɗannan kalmomi. Duk wanda ya same su ya sami kuɗinka, kuma babu manajan banki da za ka kai wa kuka.

Ta fuskar hukuma, an sha juyi. Ranar 5 ga Fabrairu 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto, a Disamban 2023 ya janye. A Mayun 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan bulokcen, lokacin Farfesa Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa. A Maris 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sa kadarorin kirifto ƙarƙashin hukumar SEC, ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu shirya damfarar a-kawo-mutum-a-ci-riba. Mai son buɗe wa jama'a kasuwancin canji, lasisi yake buƙata. Batun halacci ko haramcin cinikin kirifto kuwa, malamai sun saɓa, kowa ya koma ga malaminsa. Ba hurumin filin nan ba ne.

To wa ya kamata ya kafa nod a cikinmu? Ɗan kasuwar da ake biyansa da Bitcoin daga Dubai ko Sin, kuɗi masu kauri, shi kam yana da hujja. Amma wanda na fi kwaɗaitarwa shi ne ɗalibin kwamfuta na Kaduna Poly ko KASU. Wanda ya kafa nod ya riƙe shi wata uku, ya koyi Linux, ya koyi yadda kwamfutoci ke magana da juna, ya koyi tantance sa hannu, ya koyi karanta rahoton kuskure ba tare da ya firgita ba. Waɗannan su ake ɗaukar mutum aiki dominsu, ko da Bitcoin ya faɗi gobe. Kuma ba sai ya taɓa kuɗin gaske ba. A cikin Bitcoin Core akwai hanyar gwaji mai suna Signet, kundinta ƙarami, kuɗinta na wasa. Akwai Regtest, wadda ko intanet ba ta buƙata. Kai ne mai mainin, kai ne mai nod, a cikin laftof ɗinka.

Kada kuma wani ya ce wannan fage na Turawa ne. Abubakar Nur Khalil ɗan Nijeriya ne, yana cikin waɗanda aka karɓi gyaransu a manhajar Bitcoin Core kanta, kuma a 2021 aka zaɓe shi cikin amintattun Btrust, asusun da Jack Dorsey da Jay-Z suka kafa da Bitcoin 500 don tallafa wa masu rubuta manhaja a Afirka. A nan gida, tun 2016 Sanusi Isma'ila ya buɗe CoLab a Barnawa, inda matasa ke haɗuwa suna koyon rubuta manhaja. Tsallaka gada ne kawai daga Badarawa.

Hajiyar da ta aiko da saƙo, ki gaya wa ƙanenki in da gaske karatun yake so, tsohuwar laftof da Regtest sun ishe shi farawa a daren nan, ba sai an taɓa gwal ba. In kuma ya ce shi riba yake nema kullum, to ba nod ake sayar masa ba, kada ki ba da ko naira ɗaya.

Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku ta lambar da kuka saba. Wanda ya gwada ya maƙale, ya turo mana abin da allon ya rubuta masa daidai yadda yake, amma ban da kalmomin sirri.  

(Kiɗan rufe fili)